Anatomi da fiziyoloji na neman kora ta gida: amsa ga wata ɗalibar jinya a Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Daura ce, ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya a nan Katsina. Anatomi da fiziyoloji sun hana ni sakat. Kwana nake ina karatu, littafin lakcata duk na ja masa layi da jan biro, amma da an raba takardar gwaji sai kaina ya zama wayam. Gwaji biyu na faɗi, ga jarrabawar PTS, wato ta tantance sababbin ɗalibai, ta ƙarato. Don Allah, kaina ne ba ya ja, ko kuwa akwai wata hanya da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kanki lafiyarsa ƙalau. Wadda ta ci jarrabawar shiga makarantar jinya, a yadda ake rububinta yanzu, ba daƙiƙiya ba ce. Laifin yana cikin abu biyu da kika faɗa da bakinki: kwana karatu da jan layi. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma yawancin waɗanda yake kayarwa ba malalata ba ne, masu ƙoƙari ne da ke zuba wahalarsu inda ba ta haihuwa.

Idan kika karanta shafi sau biyar, idonki zai saba da shi. Kina ganin hoton zuciya sai ranki ya ce ai na san wannan. Sabo ne kawai, sani bai zo ba tukuna. A ɗakin jarrabawa ba za a nuna miki shafin a ce ko kin gane shi ba, farar takarda za a miƙo miki a ce fito da abin daga kanki, alhali ba ki taɓa gwada fito da shi ba ko sau ɗaya. Ke da kika yi Islamiyya kin san yadda ake hadda. Ba a cewa yarinya ta haddace sura don ta daɗe tana kallon Alƙur'ani. Sai ta rufe, ta biya wa malam da ka, ta yi tuntuɓe, a gyara mata, gobe ta sake, kuma tana bitar na baya kullum don kada ya zube. Masana sun gwada wannan a wajen ɗalibai. A wani bincike da Roediger da Karpicke suka wallafa a Amurka a 2006, an ba wasu ɗalibai rubutu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juye, masu gwada kansu suka wuce su. Wannan minti biyar ɗin shi ke yaudarar ku da daddare, ku kwanta kuna jin kun iya.

Saboda haka daga yau, duk abin da kika karanta na minti ashirin, rufe littafin, ɗauki farar takarda, ki rubuta ko ki zana duk abin da kika tuna. Sannan ki buɗe ki duba, ki cike giɓin da wani launin biro. Nan ne jan bironki zai yi amfani. Za ki ji zafin abin, domin takardar farko kusan babu komai za ta fito, amma gara ta fito haka a ɗakin kwananki. Ki sake gwada kanki a kan wannan darasi washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farkon lokaci take aukuwa, don haka bitar washegari ta fi kowace muhimmanci.

Amma hadda kaɗai ba za ta fisshe ki ba, kuma nan ne na fi son mu daɗe. Darussa biyu aka haɗa muku a suna ɗaya, kuma ba hali ɗaya gare su ba. Anatomi tambayarsa ita ce mene ne wannan, ina yake, me ke maƙwabtaka da shi. Fiziyoloji tambayarsa ita ce yaya yake aiki, kuma idan wannan ya canza me zai biyo baya. Na farko da ido da hannu ake koyonsa. Na biyu da "saboda me" ake koyonsa. Wadda ta haddace fiziyoloji jimla-jimla, da malami ya juya tambayar kaɗan ta ɓace.

Ga misali. Watan Afrilu ne, zafin Katsina ya kai inda ya kai, an kawo yaro ɗan shekara biyu yana ta gudawa tun jiya. Idanunsa sun faɗa, hannuwansa da sanyi, bugun jijiyarsa na sauri amma ba ƙarfi, uwar ta ce tun safe bai yi fitsari ba. Bi shi daki-daki. Ruwa da gishiri sun fita ta hanji, don haka yawan jinin da ke zagayawa ya ragu. Jinin da ke komawa zuciya ya yi kaɗan, abin da take turawa a kowane bugu ma ya yi kaɗan. Akwai wasu 'yan sassa masu jin matsin jini a bangon babbar jijiyar wuya da kuma lanƙwasar awota, wato babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, su ne za su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Ƙwaƙwalwa ta sa zuciya ta ƙara sauri, ta kuma matse ƙananan hanyoyin jini na fata don a tattala jinin a kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Ga dalilin saurin bugun, ga dalilin sanyin hannu. Ƙoda ta ga jinin da ke zuwa mata ya ragu sai ta saki sinadarin renin, renin ya kai ga anjiyotensin, shi kuma ya ƙara matse hanyoyin jini ya kuma sa a saki aldosteron, wanda ke sa ƙoda ta riƙe sodiyam, ruwa ya bi shi. A lokaci guda fituwitari, wanda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya saki sinadarin ADH da ke sa ƙoda ta mayar da ruwa cikin jini. Ga dalilin rashin fitsari. Duk wannan kokawa da jiki ke yi ita ta sa awon jinin yaro kan zauna daidai har sai abu ya yi nisa, shi ya sa nas mai hankali ba ta jiran ya faɗi kafin ta tashi tsaye. Me ya sa kuma ake haɗa gishiri da sukari a ruwan da ake ba shi, ba ruwa zalla ba? Domin a bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da sodiyam na gishiri da gulukos na sukari suke shiga tare, ruwa kuma ya bi bayansu.

Yaro ɗaya ke nan, amma kin ratsa babin jini, da na zuciya, da na ƙoda, da na sinadaran jiki, da na hanji. Idan kika iya ba da wannan labari da bakinki ba tare da duba littafi ba, ko ta ina malami ya ɓullo za ki tare shi. Irin wannan za ki yi wa kowane babi. Jan ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20: daga nan ki tambayi kanki me ya sa idonsa ke yin ɗorawa, me ya sa kullum jininsa a ƙasa, me ya sa ƙasusuwansa ke ciwo idan lanƙwasassun ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini. Ki yi wa mai azumi haka, ki ce me ya sa fitsarin la'asar ya fi na safe duhu. Marasa lafiyar da za ki gani a Babban Asibitin Katsina ko na Daura ba baƙi ba ne a wurinki, kin taso kina ganin irinsu a unguwa. Ki riƙa rataya kowane darasi a jikin ɗaya daga cikinsu.

Alƙaluma ma haka. Kada ki haddace su tsirara. Zuciyar babba tana tura kimanin mililita 70 a kowane bugu, tana bugawa wajen sau 72 a minti, idan kin ninka kin sami kusan lita 5, wato kusan duk jinin da ke jikinsa yana zagayawa sau ɗaya a minti guda. Ƙoda biyu suna tace wajen lita 180 a yini da dare, amma fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba, ma'ana fiye da kashi 99 cikin ɗari ana mayar da shi. Wadda ta yi wannan lissafi da hannunta ba ta ƙara tambayar amfanin doguwar murɗaɗɗiyar hanyar nan ta nefron, wato 'yan ƙananan matatun da ke cikin ƙoda.

Anatomi kuwa, kayan karatunsa a jikinki suke. Sa yatsu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, bugun da kika ji na jijiyar radiyal ne, ƙashin da ke ƙarƙashinta shi ne radiyos, daga yau ba ki ƙara rikita shi da ɗan'uwansa. Sunkuyar da kai ki shafa ƙeya zuwa ƙasa, ƙashin da ya fi turowa shi ne yawanci na bakwai cikin ƙasusuwan wuya, daga nan 12 na ƙirji suka fara, sai 5 na ƙugu. Shafo ƙashin tsakiyar ƙirji daga sama, za ki ji wani ɗan tudu a kwance, haƙarƙari na biyu a nan yake manne, daga shi ake ƙirgawa har a kai rata ta biyar inda ake jin ƙarshen zuciya na bugawa a hagu. Ke da ƙawarki ku riƙa yi wa juna. Ki kuma kiyaye wani abu da ke cinye wa ɗalibai maki a banza: a zanen littafi, dama da hagu na mara lafiya ne, ba naki ba. Hanta tana dama, amma a shafi ta hannunki na hagu za ki gan ta.

Duk gaɓar da aka ce ki koya, tambayi kanki me zai sami mutum idan nas ba ta san ta ba. Jijiyar sayatik, wadda ta fi kowace jijiyar motsi da ji kauri a jiki, ta ƙarƙashin naman ɗuwawu take bi ta gangara bayan cinya. Shi ya sa ake raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a na sama ta waje, jarirai kuma a yi musu a gefen cinya. Yaran da kike gani suna jan ƙafa bayan allurar mai kemis, da yawansu nan aka taɓa. Bututun iska da ya shiga huhun dama ya fi na hagu faɗi da gajarta, kuma ya fi miƙewa, don haka idan yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa, dama ta fi nufa. Laka tana ƙarewa wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu a jikin babba, shi ya sa idan ana zargin sanƙarau, ƙasa da nan ake soka allurar ɗibar ruwan baya. Hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji ta kai wajen 20, wannan kaɗai ya gaya miki dalilin da mata suka fi kamuwa da ciwon mafitsara, da kuma bambancin sa robar fitsari. Sannan ga mu da Babbar Ruga a nan bakin gari, cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari. Matan da ke can, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin mara, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya huje. Idan kin riƙe wannan, ba wanda zai sake tuna miki cewa mafitsara tana gaba, mahaifa da farji a tsakiya, dubura a baya.

Wata dabara da nake ba ɗalibaina, wasu su yi dariya, ita ce su je wajen mahauta. Ba sai kin jira layya ba. Ki ce wa mahauci ya ba ki zuciyar rago da huhu da maƙogwaro a haɗe, kada ya yanka. Sa safar hannu ki tsaga zuciyar. Ɗaki huɗu ne kamar ta mutum, kuma za ki ji da yatsunki yadda bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri, domin shi ke tura jini ga jiki duka, na dama kuwa huhu kawai yake kai wa. Za ki ga 'yan zaren da ke riƙe da murafun ƙofofin. Shafa maƙogwaron ki ji zobban guringuntsi, ki lura ba su haɗe ta baya ba, inda hanyar abinci take kwance. Raba ƙodar rago biyu ta tsawo ki ga ɓawon waje da cikin. Sai dai a kula: ƙodar saniya ƙulli-ƙulli ce, ba irin tamu ba, tumbin rago ɗaki huɗu ne alhali namu ɗaya, haƙarƙarinsa kuma 13 ne a kowane gefe, namu 12. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarku ma akwai ƙwarangwal da mutum-mutumin roba da ake cire wa kayan ciki. Yawanci ƙura suke sha. Ku nemi izini ku uku ku shiga bayan lakca.

Sunayen kuwa, na san su ne suka fara tsorata ki. Daga Latin da Girkanci aka ɗebo su, kuma gutsattsari ne ake harhaɗawa, ba su da yawa kamar yadda suke nunawa. Ware shafi biyu a bayan littafinki, duk guntun da ya maimaitu ki rubuta shi da ma'anarsa: na hanta, na ƙoda, na ƙashi, na kumburi, na sama, na ƙasa, na yawa, na ƙaranci. Kafin wata guda za ki riƙa warware sunan da ba ki taɓa gani ba.

Kada kuma ki ɗauka dole ki san komai daidai wa daida. Ƙasusuwan babba 206 ne, tsokoki sun haura 600. Ba likitar tiyata za ki zama a shekarar farko ba. Ƙasusuwa a rukuni ake kama su, tsokoki kuma ki fara da waɗanda nas ke hulɗa da su kullum: na kafaɗa da na ɗuwawu da na cinya saboda allura, na numfashi, na bangon ciki, na ƙasan ƙugu saboda haihuwa. Jadawalin darasin da malaminku ya bayar shi ne iyakar gonarki, tsoffin tambayoyin makarantarku kuma su nuna miki inda ya fi nauyi. Ki same su wajen 'yan aji biyu. Amma amsa su za ki yi a rubuce, da agogo a gabanki, ba karanta amsar wani ba. Littafi ɗaya ya isa. Yawancin makarantunmu da na Ross da Wilson suke aiki, kuma ya wadatar. Masu tara littafi huɗu da takardun lakca na makarantu uku ba sa gama ko ɗaya.

Tun da lokaci ya ƙure, ga yadda zan jera miki. Fara da ƙwayar halitta da yadda abubuwa ke ratsa bangonta, da yadda jiki ke daidaita kansa, domin duk sauran a kansu suke zaune, kuma yawancin masu ruɗewa a ƙoda da jijiyoyi tun nan aka bar su. Sai jini, zuciya, numfashi, ƙoda, a jere, don suna riƙe da hannun juna. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta kada ki bar su sai daren jarrabawa, kuma kada ki ce za ki haɗiye su zama ɗaya. Kullum ɗan kaɗan, jijiyoyin kai guda 12 ɗin nan biyu-biyu, kowace da aikinta da yadda ake gwada ta a jikin mutum.

Idan Turanci na cikin abin da ke ɗaure ki, kuma ba abin kunya ba ne, ki yi wa ƙawarki bayanin darasin da Hausa tukuna, kamar kina yi wa innarki a Daura. Inda Hausarki ta tsaya cik, nan ne ba ki gane ba, ba harshen ne ya hana ki ba. Bayan kin gane sai ki rubuta da Turanci a gajerun jimloli, sunayen gaɓoɓi kuma da rubutunsu daidai, domin mai maki ba ya yafe wannan. Ƙungiyar karatu kada ta wuce mutum huɗu, kowa ya zo da abin da zai koyar da tambayoyin da zai jefa. Da ta kai takwas ta zama zaman hira da labarin anko. Waya tana da amfani idan kin fi ƙarfinta: akwai manhajar AnkiDroid ta kyauta da ke jefo miki tambayoyin da kika shirya a daidai lokacin da ya kamata ki maimaita, akwai kuma littafin anatomi da fiziyoloji na OpenStax da ake saukewa kyauta. Bidiyon YouTube yana taimakawa wajen ganin yadda abu ke motsi, amma kallo ba karatu ba ne sai kin kashe kin zana abin da kika gani.

Sai batun kwana. Ki daina. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta koya da rana, wadda ta hana kanta barci tana zubar da wani ɓangare na abin da ta wahala a kansa. Awa biyu bayan sallar asuba da kai sakayau sun fi awa shida na gyangyaɗi a kan littafi da fitilar waya. Kofi da goro da lemon ƙara kuzari ido kawai suke buɗewa. Duk wadda kuma ta miƙo miki wata ƙwaya ta ce tana sa karatu ya zauna, ki guje ta, na ga inda wannan hanya ke kai yara. Idan kuwa rashin barcin ba da son ranki ba ne, ga faɗuwar gaba, ga kuka ba dalili, ga rashin cin abinci har ya haura mako biyu, wannan ya wuce maganar anatomi, ki je asibitin makaranta ki faɗa, ko ki sami wata malama da kika yarda da ita.

A ɗakin jarrabawa, karanta kalmar umarnin kafin komai. Idan an ce lissafo, kada ki yi dogon bayani. Idan an ce bayyana, kada ki jero sunaye ki tashi. Duk inda zane zai shiga ki yi shi babba da fensir, ki sa masa suna, layukan nuni a miƙe ba sa haye juna. Sau da yawa zane mai kyau na nefron ko na zagayen jini yakan kawo makin da shafi guda na rubutu bai kawo ba.

Gwaje-gwajen nan biyu da kika faɗi, kada ki cusa takardun a ƙasan akwati. Ɗauko su ki bi tambaya-tambaya, ki rubuta a gefen kowace ko ba ki taɓa sanin abin ba ne, ko kin sani ya ɓace miki, ko kin sani amma kika amsa abin da ba a tambaya ba, ko lokaci ne ya ƙare. Kowanne maganinsa daban: na farko karatu, na biyu gwada kai, na uku da na huɗu amsa tsoffin tambayoyi da agogo. Sannan ki kai wa malamin darasin a ofis. Kada ki ce masa "Malam ban gane komai ba", ba zai san ta inda zai kama ba. Ki ce masa kin gane yadda ake tace jini a farkon nefron, amma kin ɓace a inda ake mayar da sodiyam, ki nuna masa zanen da kika yi da hannunki ya gyara miki a kai.